Sunan da Na Rubuta a Ƙofar Gidan Caca

Mako shida na zo yi a Kuala Lumpur, amma lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ina cikin wata na bakwai. Aikin yanar ido ne ya kawo ni. An yi shi lafiya, ina shirin komawa Kano sai annobar korona ta sauka, aka rufe iyakoki, aka kulle kowa a inda ta same shi. Ni ta same ni a hawa na goma sha bakwai na wani dogon bene a Pantai Dalam, gidan autata Asma'u, wadda ke karatun digiri na uku a jami'ar da ke kusa. Mijinta Nasiru kuwa kullen ya rutsa da shi a gida, inda ya je tattara bayanan nasa binciken, ya bar ta da ƙaramin ciki. Saboda haka mu biyu ne a gidan, ni da ita, kuma ba ta da kowa a ƙasar nan sai ni.

Shekara talatin da biyar na yi a aikin ilimi, ashirin daga ciki ina sufeton makarantu. Na saba in fita da safe in shiga ƙauyen da ba a zaci zuwana ba, in sa a kawo mini rajistar ɗalibai in duba ta layi-layi. Na taɓa sa an sauke shugaban makaranta saboda sunaye huɗu na yaran da babu su. Mutum irina ne aka ajiye a ɗaki mai taga ɗaya, yana kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki. Ko da aka sassauta kulle, Asma'u ba ta sassauta nata ba. Ta ce shekaruna saba'in da ɗaya, ina da hawan jini, ita kuma cikinta ya tsufa, don haka iyakata harabar bene. Ta faɗa da ladabi, tana durƙushe, amma doka ce.

Akwai wani ɗan garinmu, Isyaku, mai sayar da kayan waya a Sentul, wanda na sani a wani taron suna kafin annoba. Ya haura shekara hamsin, ya daɗe a ƙasar, yana da bakin da ke sa mutum dariya ko bai shirya ba. Shi ne ya riƙa kirana yana ba ni labarin wani gari da ke saman dutse, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga birni, inda gajimare ke shiga har cikin ɗaki.

"Baba Sufeto, wurin nan sanyi kamar Jos," in ji shi. "Yanzu kuma ba baƙi, komai ya faɗi warwas. Kwana ɗaya kawai, ka sha iska ka dawo. Ai ba fursuna ba ne kai."

Na ce masa na ji an ce garin 'yan caca ne.

"Caca na can gefe guda, Baba. Akwai masallaci, akwai lambu. Malamai ma suna zuwa da iyalansu."

Na gaya wa Asma'u cewa zan kwana ɗaya a wurin Isyaku a Sentul, ya kawo mota ya ɗauke ni ya dawo da ni. Sai ta ɗauko takunkumi guda huɗu da kwalbar man wanke hannu ta sa mini a jaka. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na taɓa yi wa ɗaya daga cikin 'ya'yana.

Dole in yi wa Isyaku adalci: a kan tafiyar mai ƙaramin ƙarfi, ya san abin da yake faɗa, kuma duk wanda zai je can zai amfana da shi. Ya ce a tafi ranar Talata, domin ranakun ƙarshen mako kuɗin ɗaki kan ninka. Ya ce kada a ɗauki tasi, a hau bas, a sayi tikitin da ya haɗa har da na'urar hawa dutse, zuwa da dawowa. Kafin mu bar tashar bas ta Titiwangsa ya shiga wani shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, ya ce a yi mana tapau, aka ƙunsa mana shinkafa da kaza da gurasa, domin a saman dutse kwanon shinkafa ɗaya kan ci kuɗin uku. Ya cika gorunan ruwa biyu. Ya kuma nace in ajiye babbar riga da hula in sa kwat da wando, wai saboda sanyi. Na sa tsohuwar kwat ɗina ta aiki, wadda na zo da ita don ganin likita.

Bas ta sauke mu a tsakiyar dutse. Daga nan sai wani akwatin gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe, mai cin mutum kaɗan, yana tafiya a sararin sama a kan daji. Na hau jirgin sama, na haye kogi a kwalekwale da damina, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan akwati ba. Ƙasa ta yi nisa har itatuwa suka koma kamar ganyen alayyafo, daga baya gajimare ya rufe mu, ban ga sama ba ban ga ƙasa ba, sai ƙarar igiya duk lokacin da muka wuce ginshiƙi. Na riƙe kujera da hannu biyu ina karanta duk abin da ya zo bakina. Isyaku yana cin gyaɗa.

"Baba, ka buɗe ido mana. Kuɗin kallon ka biya."

Garin da muka tarar ba gari ba ne irin wanda na sani. Gine-gine ne manya da aka haɗe da juna ta ciki, mutum ya yi tafiyar rabin awa bai taka ƙasa ba, ko'ina fitilu da kiɗa da matakala masu tafiya da kansu. A kowace ƙofa akwai mai auna zafin goshi, da wata alama da ake haskawa da waya domin hukuma ta san wanda ya shiga. Ga marasa babbar waya irina, an ajiye littafi da biro a kan tebur, mutum ya rubuta sunansa da lambarsa da lokacin shigarsa. Na rubuta a ƙofa uku, da cikakken suna, da lambar Asma'u, domin ita kaɗai na haddace.

A ƙofa ta huɗu na tsaya. Masu gadi sanye da baƙar kwat suna duba fasfo, kuma ta bayansu na hango injuna jere suna walƙiya, da tebura masu koren mayafi.

"Isyaku, wannan wane wuri ne?"

"Nan za mu karɓi kati, Baba. Kyauta ne. Da katin, ɗakin kwana kusan a banza. In babu shi, sai ka biya ninki uku."

"Gidan caca ne."

"Kanta ce kawai a ciki. Minti biyar. Ba wanda ya ce ka taɓa inji."

A nan na fahimci dalilin kwat. 'Yan ƙasar Musulmi an hana su shiga, baƙo kuwa fasfonsa ake dubawa, amma da babbar riga da hula da an tsaya yi mini tambayoyi. Ya kamata in juya. Abin da ya hana ni, in faɗi gaskiya, shi ne ban san hanyar komawa ba, kuma na ji nauyin in nuna wa ƙanen bayana cewa na tsorata. Mai gadi ya kalli bangon fasfona ya miƙo mini, ya nuna littafi.

Na ɗauki biro. Na tuna cewa littafin nan hukuma ce ke karanta shi, kuma lambar da zan sa ta 'yata ce. A raina na hango sunana, sunan mahaifina, a rajistar gidan caca, cikin rubutun da duk malaman lardinmu suka sani. Sai na rubuta Musa Garba, na ƙirƙiri lamba, na karkata rubutun don kada ya yi kama da nawa. Ƙaryar ta zo mini da sauƙi, kuma wannan ya fi damuna daga baya.

Minti biyar ɗin Isyaku ya kusan zama awa guda. Layin kanta dogo ne, an manna alamun tazara a ƙasa amma ba mai kallonsu. Ɗakin ba taga, iskar sanyi ce kawai ke juyawa. A bayana akwai wani mutum da takunkuminsa ke ƙarƙashin haɓa, yana tari yana ƙirga wasu 'yan fale-falen roba na caca a tafinsa. Duk tarin da ya yi sai na ji shi a ƙeyata. Da muka isa, yarinyar da ke kanta ta karɓi fasfona, ta ce za ta shigar da sunana a kwamfuta, sannan ta tambayi Isyaku lambar katinsa domin a ba shi kyautar wanda ya kawo sabon mutum.

Na dubi Isyaku. Ya dubi silin.

Na ce wa yarinyar, cikin Turancin da aka koya mana a da, ta yi haƙuri ta mayar mini da fasfona, na fasa. Ta miƙo da hannu biyu.

"Haba Baba Sufeto," in ji Isyaku, "mun sha layi, saura sa hannu kawai."

"Da ka gaya mini farashina tun a ƙasa, da na biya ka mun huta."

Bai biyo ni ba. Na fito ni kaɗai, na yi ta yawo a cikin waɗannan hanyoyi masu kama da juna har na gaji, kafin wata mai shara ta gane abin da nake nema ta raka ni surau, ƙaramin ɗakin salla. Na rama azahar da la'asar a can. Ɗakin kwana na biya shi ninki ukun da aka tsorata ni da shi, na ci shinkafar mamak da sanyinta, na yi kewar gidana na Kano har na ji kamar in yi kuka, abin da ban yi ba ko a watannin kulle.

Da safe na shiga akwatin gilashi don saukowa, na tarar da wani dattijo Basine shi kaɗai. Ya ga yadda na riƙe kujera, sai ya matso ya fara yi mini hira don ya ɗauke hankalina. Ashe shi ma tsohon malamin makaranta ne, lissafi ya koyar. Ya ce matarsa ta rasu, yana hawowa ne kawai don ya ga mutane. Ya zuba mini shayi mai zafi a murfin gorarsa, na sauke takunkumi na sha, shi ma ya sha. A ƙasa ya kai ni har bakin bas ɗin da ta dace, ya gaya wa direba inda zan sauka. Ban tambayi sunansa ba.

Na koma gida, Asma'u ta tambaye ni ya Sentul, na ce lafiya. Kwana huɗu muka yi kamar kullum. Muna cin abinci a tebur ɗaya, ina ja mana salla, da yamma tana karanta mini babin da ta rubuta ina gyara mata nahawu. Ranar Lahadi na tashi da ɗan kaikayin maƙogwaro, na ce a raina sanyin dutse ne.

Ranar Litinin bayan azahar ƙaramar wayata ta yi ƙara. Isyaku ne, kuma babu wasa a muryarsa.

"Baba, 'yan lafiya sun kira ni. An samu masu cutar a ɗakin nan, ranar da muka shiga. Duk wanda ke cikin rajista an ce ya zo gwaji. Kai ba su kira ka ba?"

Na ce ba su kira ba.

"To ka gode wa Allah, ka yi shiru. Baƙo ne kai, bizarka ta ƙare tun tuni, alfarmar kulle kake ci. Ka je ka kai kanka, ba ka san inda abin zai tsaya ba. Ni dai ban ambace ka ba."

Na ajiye wayar. Daga falo ina jin Asma'u tana waya da mijinta, tana dariya, tana gaya masa yadda ɗan ke shurinta. Ba za a kira ta ba. Hukumar ƙasar ta shirya hanyar da za a gargaɗe ta, ni kuma na toshe hanyar da hannuna. Wani wuri a birnin nan wani ma'aikaci yana buga lambar da na ƙirƙira yana neman Musa Garba.

Ba zan ɓoye ba, ban fita na gaya mata nan take ba. Na rufe ƙofar ɗakina na ce kaina ke ciwo. Na zauna a bakin gado ina shawara da kaina kamar mai shari'a da ya karɓi toshiya. Na ce wataƙila mura ce. Na ce in na killace kaina a ɗaki ba tare da na faɗi dalili ba, ai an cimma abin da ake so. Na ce labarin zai isa Kano kafin ni, a ce Sufeto ya tsufa ya koma caca a ƙasar waje, kuma babu wanda zai tsaya jin zancen kati. Sannan na taɓa goshina na ji zafi, na tuna kwana huɗun nan, da cokalin da ta ɗauka daga kwanona ta ɗanɗana miya. Tsoron akwatin gilashi wasa ne a kan wannan. Wancan ni kaɗai zan faɗo.

Bayan la'asar Asma'u ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Baba, na kawo maka kunu. In shigo?"

"Kada ki shigo. Ki ajiye, ki ja da baya, ki sa takunkumi. Ina da magana."

Na ji ta ajiye kofin. Na faɗa mata komai ta bayan ƙofa, a jere, kamar yadda nake rubuta rahoto: ban je Sentul ba, ga inda na je, ga ɗakin da na shiga, ga tsawon lokacin da na yi, ga kiran da aka yi wa Isyaku. Na bar maganar suna a ƙarshe.

"Amma ai da sun kira ni," in ji ta. "Lambata kake sawa."

"Ban sa ba. Sunan wani na rubuta, da lambar ƙarya."

Sai ta jefo mini tambaya.

"Yaushe Isyakun ya kira ka?"

"Bayan azahar."

"Yanzu la'asar ta wuce, Baba."

Na ji tana buɗe tagogi, na ji tana waya da asibiti cikin Turanci da ɗan Malayanci, muryarta a tsaye. Da ta dawo bakin ƙofa sai ta ce in shirya fasfona da katin asibitin ido, gobe da safe za mu je, kuma ni zan yi musu bayani da bakina.

A cibiyar gwajin, wata jami'a matashiya sanye da rigar leda tun daga kai har ƙafa ta nemi sunana a takardunta ba ta gani ba. Na ce ta duba Musa Garba. Ta duba, ta ɗago kai.

"Kai ne? Kwana biyu muna neman mutumin nan."

Na ce ni ne, kuma na san girman abin da na yi, domin aikina ke nan a ƙasarmu, kama masu irin wannan. Na jira a kira 'yan sanda. Ta ja layi a kan sunan, ta rubuta nawa a samansa, ta sa na faɗi duk wanda na zauna da shi tun daga ranar. Na ambaci 'yata, da mai shara, da dattijon da ya ba ni shayi. Ta tambayi sunansa, na ce ban sani ba. Har yau ban san abin da ya same shi ba, kuma ba na jin zan daina tunaninsa.

Aka zura mana tsinke a hanci, aka ɗaura wa kowannenmu abin hannu na roba ruwan hoda, alamar wanda aka killace. A lif ɗin benenmu wata mata ta ga hannun Asma'u ta fasa shiga. Bayan kwana biyu sakamako ya fito: ina da ita, Asma'u ba a gani ba tukuna, sai an sake gwada ta kusa da ƙarshen kwana goma sha huɗu. Motar asibiti ta zo ta ɗauke ni. Na bar ta tsaye a ƙofa, da ciki wata takwas, ita kaɗai a gidan da na cika da numfashina.

Cutar ba ta yi mini mugun kamu ba. Zazzaɓi, tari, da kwana uku da aka sa mini robar iska a hanci. Abin da ya kusan kashe ni shi ne ƙirga kwanaki. Kowace safiya ina kiranta in saurari muryarta, ba don abin da take faɗa ba, don in ji ko akwai tari a ciki. Ta ce wata maƙwabciyarta Bamalaya tana rataye mata abinci a hannun ƙofa, matan 'yan uwanmu ɗalibai kuma suna aiko da tuwo. Ta ce Nasiru ya sani, ta gaya masa na kamu, ba ta gaya masa a ina ba. Wata safiya ta yi atishawa sau biyu, na kasa cin komai har yamma. A gadon da ke kusa da nawa an ja labule a kan gawar wani mutum da bai kai ni shekaru ba.

Ranar da sakamakonta na biyu zai fito, na yi alwala tun hantsi na zauna da waya a hannu. Sai bayan azahar ta kira.

"Baba, babu. Sun yanke abin hannun."

Na yi hamdala. Sannan na fara jawabin da na kwana goma ina shiryawa, na neman gafara, mai gabatarwa da dalilai da kammalawa. Ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba ta katse ni.

"Baba, ka ci abinci?"

Na ce ban ci ba.

"To ka ci. Sai sun sallame ka."

Ta haihu lafiya bayan mako uku da dawowata daga asibiti, namiji. Ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, ko da wasa. Ladabinta bai ragu ba, tana durƙusawa ta gaishe ni kamar da. Abu ɗaya ne ya sauya a sauran watannin da na yi a gidanta. Duk lokacin da na ɗauki hulata, ko da harabar bene zan sauka, sai ta ɗago daga kan jaririn ta ce, "Baba, ina za ka?" Kuma ba ta mayar da kanta sai na gama amsawa. Ni kuwa nakan tsaya a bakin ƙofa in faɗa mata wurin, da wanda zan gani, da lokacin da zan dawo.